Tambaya da Amsa: Inshorar Mota, Tsakanin Araha da Amfani

Wasiƙun da suka taru a wannan watan kusan duk a kan inshorar mota suke, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Na shafe shekaru masu yawa a sashen biyan diyya na wani kamfanin inshora, teburin da ba a zuwa sai tsautsayi ya riga ya afku. A wurin na ga waɗanda suka fita suna hamdala, na ga waɗanda suka fita suna share hawaye, kuma sau da yawa abin da ya raba su bai wuce layi biyu ko uku a cikin takardar da suka sa wa hannu ba tare da sun karanta ba. Na taƙaita wasiƙun, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Allah ya hore mini na sayi motata ta farko, ta hannu ce, bayan na yi shekara 4 ina tari. Wakilin inshora ya ajiye mini takardu biyu. Ɗaya kuɗinta kaɗan ne, ya ce ita doka ta tilasta. Ɗayar kuma ta ninka ta farkon sau da yawa. Abokaina sun ce in ɗauki mai arahar, tunda dai don 'yan sanda ake yi. Me ka gani? Daga wani matashi ma'aikaci.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa alheri, ya tsare maka hanya. Bari in fara da maganar abokanka, domin ita ta fi tsaya mini a rai. Ɗan sanda duba takarda kawai yake yi ya miƙo maka. Wanda aka yi takardar dominsa wani mutum ne da ba ka sani ba, yanzu haka yana can yana harkar gabansa, wata rana kuma motarka ta same shi.

A yarjejeniyar inshora mutum biyu ne, kai da kamfani. Duk wanda ba ɗayanku ba shi ne na uku: mai tafiya a ƙasa, mai babur, mai motar da ka daka ta baya, mai katangar da ka rusa. Wannan ya sa ake kiran takardar mai arahar inshorar mutum na uku, masu sana'ar kuma su ce mata tad-fati. Alkawarin da kamfani ya ɗauka a cikinta guda ɗaya ne. Idan ka ji wa wani rauni, ko ka yi sanadin ajalinsa, ko ka ɓata masa dukiya, kuma laifin naka ne, kamfani zai biya a madadinka. Taka motar kuwa, ko ta koma gwangwani, ba ta cikin lissafi.

Dalilin da ya sa doka ta tilasta ta yana da tarihi. Da motoci suka fara yawa a farkon ƙarnin da ya wuce, sai kotuna suka riƙa yanke wa direbobi diyya alhali ba su da abin biya, wanda aka buge ya tashi a tutar babu, ga rauni ga asara. Jihar Massachusetts ta Amurka ta tilasta wa masu mota yin inshora daga 1927, Ingila ta biyo baya da dokar hanya ta 1930, yau kuma mafi yawan ƙasashen duniya haka suke yi.

Kafin ka karɓi mai arahar, nemi layin da aka rubuta iyakar abin da za su biya na ɓarnar dukiya. Kusan kowace takarda tana da wannan iyaka. Idan ka gwabza wa mota mai tsada, kuɗin gyaran ya zarce iyakar, ragowar daga aljihunka za ta fito. Kamfanoni da yawa suna yarda su ɗaga iyakar idan ka ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma a duk cinikin inshorar mota ban san kuɗin da ya fi wannan albarka ba.

Akwai ta tsakiya wadda wakilin bai nuna maka ba. Ita ce ta mutum na uku da aka haɗa mata gobara da sata: idan motar ta ƙone ko aka sace ta za a biya ka, amma idan karo ka yi, gyara naka ne. Sai ta ƙarshe, cikakkiyar inshora, wadda ta ƙunshi duk waɗannan har da ɓarnar da ta sami motarka a haɗari, ko da kai ne da laifi. Sunan nan “cikakkiya” ya yaudari mutane da yawa. Inji ya buga saboda tsufa ko rashin baƙin mai, giya ta ƙi shiga, taya ta suɗe, birki ya cinye, duk wannan lalacewar yau da gobe ce, ba haɗari ba ne, kuma babu mai biya. Ambaliya da tarzoma ma, a wasu takardun suna ciki, a wasu sai ka saye su daban. Tambaya za ka yi, a nuna maka a rubuce.

Ba na manta wani dattijo da ya zo teburina, ya zaro takardarsa daga leda, tsaf-tsaf, bai taɓa fashin sabuntawa ba. Motarsa ta ƙwace masa a kwana ta bugi bishiya. Da na duba sai na ga ta mutum na uku ce. Duk shekarun nan yana zaton motarsa yake karewa, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani. Kamfani bai zalunce shi ba a doka, amma ranar ban iya cin abinci ba.

Ga yadda za ka yanke hukunci. Ka tambayi kanka, idan gobe da safe motar nan ta tafi gaba ɗaya, zan iya sayen wata ba tare da na durƙushe ba? Kai da ka yi shekara 4 kana tari, ina jin amsar a'a ce. In haka ne, cikakkiya ta fi maka, ko aƙalla ta tsakiya idan aljihu bai kai ba. Amma idan motar ta tsufa sosai, har kuɗin inshorar shekara biyu ko uku ya kusa kai darajarta, to ka ɗauki ta mutum na uku mai ɗagaggiyar iyaka, bambancin kuɗin ka riƙa ajiye shi gefe saboda gyara. Wanda ya sayi mota da bashin banki kuwa galibi ba shi da zaɓi, bankin zai tilasta masa cikakkiya har ya gama biya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Cikakkiyar inshora gare ni shekara 3 ke nan, ban taɓa neman komai ba. Kwanaki ina ja da baya na bugi turken ƙarfe, bamba da fitilar baya suka fashe, taya ɗaya ta yage. Na kai musu takardar gareji, sai suka biya ƙasa da abin da na kashe. Da na zo sabuntawa kuma kuɗin ya haura. Wannan ba cuta ba ce? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, sannu, Allah ya kiyaye gaba. Na fahimci ɓacin ranki, domin abu uku ne suka haɗu a kanki lokaci guda, kuma da alama babu wanda ya gaya miki ko ɗaya ranar da kika saya.

Na farko shi ne kason mai mota, wanda ake kira ekses. A duk lokacin da aka nemi diyya, akwai adadin da mai mota zai fara ɗauka da kansa, kamfani ya ɗauki abin da ya haura. A ce kasonki 20 ne. Gyara ya ci 100, za a ba ki 80. Gyara ya ci 15, ba a ba ki komai. An yi haka ne don kada kamfani ya cika da 'yan ƙananan buƙatu waɗanda kuɗin binciken su ya fi su yawa, kuma don direba ya san shi ma yana da abin asara. A wasu takardun adadi ne tsayayye, a wasu kaso ne cikin ɗari, a wasu kuma yana ƙaruwa idan matashi ko sabon direba ne ke riƙe da sitiyari lokacin da abin ya faru.

Na biyu shi ne tayar. Ginshiƙin inshora shi ne a mayar da mutum inda yake kafin asara, ba a ɗaga shi sama da nan ba. Tayarki ta riga ta ci rabin ranta kafin ta yage. Idan aka sa miki sabuwa fil, kin ci riba daga haɗari, don haka sai su cire gwargwadon tsufanta. Haka ake yi wa batir da sauran kayan da ke cinyewa. Wannan ƙa'idar ce kuma ta sa idan mota ta mutu murus, darajarta a kasuwa a ranar haɗarin ake biya, ba kuɗin da aka saye ta ba. Mutane sun fi jin zafin wannan fiye da komai.

Na uku shi ne rangwamen rashin neman diyya. Kowace shekarar da kika wuce lafiya, ana rage miki wani kaso na kuɗin shekara mai zuwa, yana ƙaruwa har ya tsaya a wani mataki. Da kika nemi diyya, sai rangwamen ya faɗi, shi ne kika ga kuɗin ya haura. A nan ne lissafi yake da amfani. A ce asalin kuɗinki 100 ne a shekara, rangwame ya mayar da shi 70. Gyara ya kama 35, kasonki 20, abin da za su ba ki 15 ke nan. Kin karɓi 15, baɗi kin biya ƙarin 30, kuma sai kin sake ɗaukar shekaru kafin rangwamen ya dawo. Ƙaramar ɓarna irin wannan, wadda ba ta shafi kowa ba sai ke da turke, sau da yawa ya fi sauƙi mutum ya gyara abinsa. Sai dai ki duba takardarki, domin da yawa sun wajabta a sanar da su duk abin da ya faru ko da ba a neman kuɗi. Sanarwa daban, neman diyya daban.

Duk da haka kina da haƙƙi. Ki nemi su ba ki lissafin a rubuce, me aka cire, a kan wane sharaɗi, a wane shafi. Idan cirewar ta wuce abin da takarda ta faɗa, ki rubuta ƙorafi. Na sha ganin an gyara lissafi saboda mai mota ya tsaya ya tambaya cikin natsuwa.

Tambaya: Malam, kuɗin inshora ya yi mini nauyi. Wani ɗan'uwana ya ba ni shawara in rage darajar motar a takarda, kuma kada in faɗa musu ina ɗan taɓa kabu-kabu da yamma bayan na tashi aiki. Ya ce kowa haka yake yi. Akwai matsala? In akwai, ta ina zan samu sauƙi? Daga wani magidanci mai 'ya'ya 5.

Amsa: Ɗan'uwa, na san nauyin iyali, ban kuma ga laifinka ba don ka nemi sauƙi. Amma shawarar nan guda biyu, kowacce rami ce, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ɗauki ta rage daraja. Motarka ta kai 100, ka rubuta 60 don kuɗin ya sauka. Idan aka sace ta, 60 ne iyakar abin da za ka gani. Wannan kowa ya gane. Abin da ba a sani ba shi ne, a takardu da yawa akwai sharaɗin da ya ce wanda ya yi inshorar kashi 60 na darajar kayansa, kashi 60 na kowace ɓarna za a biya shi. Gyaran da ya ci 30 sai a ba ka 18, sannan a cire kasonka daga ciki. Ƙara daraja ma ba riba, domin za ka biya kuɗi mai yawa, ranar biya kuma darajar kasuwa za su bi. Ka rubuta abin da motar za ta yi idan ka kai ta kasuwa yau, kuma ka sake duba shi duk shekara, musamman a lokacin da farashin motoci ke tashi.

Ta kabu-kabu ta fi muni. Inshora ciniki ne da aka gina a kan amana, saboda kai ka san motarka da inda take shiga, kamfani kuma abin da ka faɗa masa kawai ya sani. Tun 1766 wani alƙalin Ingila, Lord Mansfield, ya kafa wannan ƙa'ida a wata shari'ar inshora, har yau kuma ana tafiya a kanta a ƙasashe masu yawa. Motar da ke ɗaukar fasinja don kuɗi ta fi daɗewa a titi, ta fi ɗaukar rayuka, haɗarinta daban ne, kuɗinta ma daban. Idan ka yi inshorar motar gida, ka yi haɗari da fasinja a ciki, mai bincike zai gano. Fasinjan da kansa zai faɗa a asibiti. Daga nan kamfani yana iya ƙin biyan motarka, a wasu wuraren ma ya biya waɗanda suka ji rauni sannan ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa. Ka biya kuɗin shekara, ka tashi biyu babu. Haka yake ga uban da ya rubuta sunansa a matsayin mai tuƙi alhali ɗansa matashi ne ke yawo da motar kullum.

Hanyoyin sauƙi na halal suna nan, kuma sun fi yadda ake zato yawa. Wadda ta fi kowacce ita ce kada ka sabunta ido rufe. Wata guda kafin takardarka ta ƙare, ka nemi farashi daga kamfani uku ko huɗu, ko ka bi ta hannun dillali mai rajista wanda yake hulɗa da kamfanoni da yawa. Akwai bambanci tsakaninsa da wakili: wakili na kamfani ɗaya ne, dillali kuwa kai yake wa aiki. An daɗe da lura cewa wasu kamfanoni suna jawo sabon ciniki da araha, sannan su riƙa ɗaga wa tsohon abokin ciniki kuɗi a hankali saboda sun san ba zai motsa ba. Abin ya kai har hukumar da ke kula da harkar kuɗi a Birtaniya ta haramta shi a inshorar mota da ta gida daga Janairun 2022. Inda babu irin wannan doka, kai ne mai tsaron aljihunka. Amma in za ka gwada farashi, ka gwada abu da irinsa: daraja ɗaya, kaso ɗaya, iyaka ɗaya. Takardar da ta fi araha saboda an ninka maka kaso a ɓoye ba ta fi araha ba.

Kana iya ɗaga kason da kanka, kuɗin shekara ya sauka. Sharaɗin dai kada ka ɗaga shi sama da abin da za ka iya fitarwa a rana ɗaya ba tare da ka ci bashi ba. Kana iya taƙaita masu tuƙi zuwa kai da maiɗakinka, maimakon a rubuta kowa da kowa. Idan motar tana kwana a cikin gida mai ƙofa, ko ka sa mata na'urar bin sawu, ka faɗa, ana ragewa saboda su. Idan za ka iya biyan kuɗin shekara gaba ɗaya, ya fi biya wata-wata, domin biyan kashi-kashi galibi akwai ƙari a kansa. Ka bi 'yan ƙarin da aka liƙa wa takardar ɗaya bayan ɗaya, irin su motar aro yayin gyara, janwe, gilashin gaba, kayan da ke cikin mota, ka cire wanda ba ka buƙata. Ni dai janwe ba na cire shi ga mai tafiya mai nisa. Idan za ka canza kamfani, ka karɓi shaidar shekarun da ka yi ba ka nemi diyya ba, yawancin kamfanoni suna karɓar ta.

Game da kabu-kabun, ka je ka faɗa musu gaskiya, ka ji nawa za su ƙara. Sannan ka zauna ka lissafa ko abin da kake samu da yamma ya rufe ƙarin.

Tambaya: Malam, ni damuwata ta addini ce. Na ji ana cewa inshora caca ce. Doka kuma ta tilasta mini. Yaya zan yi? Daga wani dattijo ɗan kasuwa.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Fatawa ta malamai ce, su za ka zauna da su. Abin da zan ba ka shi ne yadda maganar take a fagen sana'ar.

Malaman da suka soki inshorar kasuwanci abu uku suke kawowa: garari, wato rashin sanin abin da kowane ɓangare zai samu, kama da caca, da kuma riba, wato kuɗin ruwa, a inda kamfani ke juya kuɗin. A Disambar 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta yanke cewa inshorar kasuwanci mai tsayayyen kuɗi ba ta halatta ba, ta kuma ce madadinta shi ne inshorar taimakon juna da aka gina a kan kyauta da haɗin kai. Wannan ita ce takaful. Kamfanin farko irin wannan a zamaninmu an kafa shi a Sudan a 1979, Malesiya ta yi masa doka ta musamman a 1984, yanzu kuma ya bazu a ƙasashe da yawa.

Yadda take aiki: masu motoci suna zuba gudummawa a asusu guda da niyyar taimakon duk wanda tsautsayi ya faɗa wa a cikinsu. Asusun nasu ne. Kamfani wakili ne mai kula da shi, ana biyansa ladan aiki ko ya ɗauki kaso daga ribar juya kuɗin, kuma ba a zuba kuɗin a harkar ruwa. Akwai kwamitin malamai da ke sa ido. Idan shekara ta ƙare an biya kowa, aka samu rara, ana iya raba wa mahalarta gwargwadon tsarin kamfanin, galibi waɗanda ba su nemi diyya ba. Idan asusun ya gaza, kamfani ya ba shi rance marar ruwa.

Inda babu takaful kuma hukuma ta tilasta, malamai da dama sun yi sassauci a kan gwargwadon abin da aka tilasta, saboda lalura. Ka kai wa malaminka halin da kake ciki dalla-dalla. Abu ɗaya nake so ka riƙe: takardar takaful ma tana da kaso, tana da iyaka, tana da abubuwan da ba ta biya. Duk abin da na gaya wa waɗanda suka gabace ka a wannan shafi ya shafe ka.

Tambaya: Kawu, na sayi mota a hannun wata ƙawata, inshorarta saura wata 7. Zan iya ci gaba da ita? Kuma ina so in tsallaka da motar zuwa wata ƙasa. Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, a'a. Yarjejeniyar tsakanin ƙawarki ce da kamfani, an yi ta a kan shekarunta da tarihin tuƙinta. Daga ranar da ta sayar, ba ta da sauran haƙƙi a motar, takardar kuma ba ta bin mota zuwa sabon hannu sai kamfani ya amince a rubuce. Ki yi taki kafin ki tayar da motar. Ita kuma ta sanar da su, wataƙila su mayar mata da wani abu na watannin da suka rage.

Tsallaka iyaka kuma, inshorarki galibi a bakin iyakar take tsayawa. Yankuna sun yi wa wannan tsari, wato katin inshorar da ake karɓa a ƙetaren iyaka: Turai tana da koren kati tun 1949, ƙasashen ECOWAS suka amince da kati mai ruwan ƙasa a 1982, gabashi da kudancin Afirka suna da rawaya. Ki nemi na yankinki a wurin kamfaninki kafin ranar tafiya.

Tambaya: Malam, an buge ni ta baya a danja. Wanda ya buge ni ya nuna takarda, da muka bincika sai kamfanin ya ce bai san da ita ba. Ni ma yanzu tsoro nake ji ko tawa ta gaske ce. Kuma in abu ya sake faruwa, me ya kamata in yi a wurin? Daga wani direba.

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Takardun bogi sun yi yawa, kuma mafi yawan masu riƙe da su ba su sani ba. Sun ba wani kuɗi a bakin ofishin lasin ko a intanet, ya miƙo musu takarda mai hatimi, farashin ya yi daɗi. Ka kira kamfanin da sunansa ke kan taka, da lambar da ka samo da kanka, ba wadda aka buga a takardar ba, ka ba su lambar takarda da lambar mota su tabbatar. Ka duba ko kamfanin yana cikin jerin waɗanda hukumar inshora ta ƙasarka ta ba lasisi. Ƙasashe da yawa suna da rumbun bayanai da ake duba lambar mota a waya. Nan gaba kuma ka biya kuɗi a asusun kamfani, ka karɓi rasit da sunansa.

Game da wanda ya buge ka: idan taka cikakkiya ce, kamfaninka zai gyara maka, sannan shi ya bi mutumin ya nemi kuɗinsa. Idan ta mutum na uku ce, tsakaninka da shi ne, ta sulhu ko ta kotu, domin rashin inshorarsa bai sauke masa nauyin ɓarnar da ya yi ba. Wasu ƙasashe suna da asusu na musamman don waɗanda direba marar inshora ya cutar, Birtaniya ta kafa nata tun 1946. Ka tambayi hukumar inshora ko akwai irinsa a inda kake.

A wurin haɗari, rai ne farko, a kai mai rauni asibiti. Bayan haka ka ɗauki hotuna kafin a matsar da motoci: lambobinsu, inda suka tsaya, alamun titi, ɓarnar kowace. Ka karɓi suna da lambar wayar ɗaya direban da na shaidu biyu. Ka samu rahoton 'yan sanda. Kada ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya a wurin, ko da zuciyarka ta karye, domin kusan kowace takarda ta hana yin haka ba da izinin kamfani ba. Tausayawa da taimakon mai rauni ba amsa laifi ba ne. Ka sanar da kamfaninka a ranar ko washegari, saboda akwai wa'adi. Kada kuma ka bari bakanike ko mai gyaran jiki ya taɓa motar sai mai ƙiyasin kamfani ya gan ta ya amince da kuɗin a rubuce. Idan suka ƙi biya ko suka yi ta ja maka rai, ka nemi dalili a rubuce, ka haɗa kwafin duk takardunka, ka kai ƙorafi sashen koke-koke na hukumar inshora.